Famfon Inna da Rijiyar Mama Rahila

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, Hajiya Saude, wadda mu 'ya'yanta muke kira Inna, yaran layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi kuma suke kira Hajiya A-kashe idan sun tabbatar ba ta jin su. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Duk shekara idan wannan wata ya zagayo nakan dafa shinkafa da wake in rarraba, in sa hotonta a waya, jama'a su yi ta turo addu'a, shi ke nan an wuce wurin. Bana na dafa abincin, amma hoton na kasa sa shi. Na buɗe shi, muka haɗa ido, sai na kife wayar a kan katifa. Ban iya kwana-kwana ba, don haka zan faɗi dalilin kai tsaye: kunyarta nake ji.

Sunan nan da yara suka laƙaba mata ba ƙage ba ne. Tun daga zaure ake jin muryarta. A kashe fitilar nan, rana ta fito. A kashe risho, miyar ta nuna. A kashe injin nan, wa ke kallon talabijin ɗin? Idan ta sauke tukunya, gawayin da ya rage ba ya cinyewa a banza, sai ta tsince shi ta jefa a gwangwani ta rufe, gobe a ɗora da shi. Ruwa kuwa a gidanmu ba ya mutuwa sau ɗaya. Na wankin shinkafa na awaki ne. Na ɗaurayar kaya na banɗaki ne, ko a yayyafa wa tsakar gida kafin shara. Butarta ƙarama ce, irin ta yara, kuma ba ta alwala a ko'ina sai a gindin lemun tsamin da ke kusa da madafa, don abin da ya zubo daga hannunta ya samu mai sha.

Ni ce autarta, ni ce kuma mai baki. Wata rana da azumi ta kama ni na juye sauran ruwan randa a kwata don in zuba sabo, na ce, "Haba Inna, ruwa ne fa, ba zinariya ba."

Ta ce, "To idan an kira magariba sai ki buɗe baki da ɗan kunnenki mu gani."

Ba talauci ne ya sa ta haka ba. Babanmu ma'aikacin gwamnati ne, ya rasu ya bar mana gida da fansho. Ba rowa ba ce kuma, don tukunyarta ba ta taɓa sanin adadin masu ci ba. Abu ɗaya ne kawai ba ta iya gani ta yi shiru: a ce wani abu yana ƙarewa kuma babu mai amfana da shi. Ba zan ce tana da sauƙin zama ba. Matar Yayana Auwalu ta sha kuka a kan maganar sabulu da ashana. Ni ma na sha cewa a raina, idan na girma sai na kunna duk fitilun gida na tafi unguwa.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Mama Rahila. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, mutuniyar Kudancin Kaduna, sun zo Kano da maigidanta tun ba a haife ni ba. A kan tabarmarta na koyi haɗa baƙi, ita ce kuma ta fara dukan bayan hannuna a kan rubutun kaza. Gidanmu da nata kowanne da rijiyarsa. Tamu da an shiga bazara take ƙafewa, sai guga ya dawo da laka. Ta Mama Rahila kuwa ba ta taɓa ba mutane kunya ba. Akwai wani wuri da katangar ta rufta ta yi ƙasa, ta nan bokiti ke ƙetarawa. Ta nan naman layya ke tafiya, ta nan shinkafar Kirsimeti ke dawowa. Da rijiyar nan rabin layin ke fita lokacin zafi. Inna takan tsaya a bakin katangar tana kallon abin da muke ɗiba, da ta ga randa ta cika sai ta ce, "Ya isa. Na mutane ne."

Da Inna ta rasu, muka zauna mu 'ya'yanta muka ce me za mu yi mata wanda ladansa ba zai yanke ba. Babu wanda ya yi dogon tunani. Ruwa. Muka haɗa abin da ya sawwaƙa aka haƙa rijiyar burtsatse, aka ɗora tanki a sama, aka fitar da famfo bayan katanga don masu wucewa, aka manna allo a samansa da sunanta da roƙon a yi mata addu'a. Ranar da ruwan ya fara zuwa na yi kuka, mata suka yi ta guɗa. Har yau ban ce niyyarmu ba ta da kyau ba.

Da farko da janareta muke jan ruwan. Fetur kuɗi ne, don haka Yaya Auwalu da kansa yake tsayawa a kan injin da safe, tanki na cika ya kashe. Masu ɗiba sun san haka, kowa ya tara jarkarsa ya murɗe famfon da kyau, yaron da ya bar shi yana ɗiga ya sha rankwashi daga na bayansa. Da aka cire tallafin mai, farashi ya yi tashin da kowa ya sani, sai a kwana biyu famfon a bushe, mutane su zo su koma da jarka wayam a ƙarƙashin sunan uwarmu. Abin ya dame mu. Yaya ya sayar da janaretan, aka cika, aka jera farantan sola a kan rufi.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Bilkisu na zagin sola. Ni tela ce, shagona na cikin kasuwar Tarauni. Na yi shekaru ina ɗinki da ƙaramin inji a bakin ƙofa yana tusa min hayaƙi, in tashi da ciwon kai, kayan amare su koma warin fetur. Yanzu faranti biyu da batir sun ishe ni, ina jin abin da mai kaya ke faɗa ba sai ta yi ihu ba. Duk mai cewa a koma wa hayaƙin nan, ya zo ya wuni a layin da har yanzu ake kunna shi. Da Inna ta ga rana tana jan ruwa ba tare da an auna ko kwalba ɗaya ta mai ba, na san za ta yi salati ta yi murna. Amma na san tambayar da za ta biyo baya: "To wa ke kashe shi?"

Babu mai kashe shi. Amsar ke nan.

Tun da hantsi injin ke kamawa, ba ya tsayawa sai rana ta yi sanyi. Akwai wani ɗan abu a cikin tankin da ke tsayar da injin idan ruwa ya cika, ya lalace tun bara waccan, babu wanda ya gyara, don ba ya cin aljihun kowa. Tanki ya cika ya yi ta ambaliya, ruwa ya bi bango har ya yi gansakuka, ya gangara kwata, kwatar layinmu ta koma kamar ƙorama a tsakiyar rani. 'Yan adaidaita sahu suka mai da wurin tashar wanka, kowa da tiyonsa. Yaya Auwalu ya ga haka ya ce ai gara shi ma ya ci, ya buɗe wurin wankin mota a filin gefen gida. Ni kuma, da nake wannan dogon bayani, kullum da safe da tiyo nake wanke tsakar gida, idan waya ta shigo in ajiye shi yana kwarara in yi hirata. Tsakar gidan ma mun shafe ta da tayil, ko ruwan sama ba ya samun inda zai nutse. Lemun tsamin Inna kuwa inuwarsa na taɓa farantan da yamma, aka kira mai gatari. Ina tsaye aka sare shi, ni na kai wa mutumin ruwan sha.

Sau ɗaya na taɓa cewa Yaya ya kamata a riƙa kashe injin nan idan tanki ya cika. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Ke Bilki, wa zai kashe wa Inna lada? Duk ɗigon da ya fito daga ramin nan a littafinta ake rubuta shi."

Gwaggonmu na zaune, ta ce ai ko tsuntsu ne ya sa baki a kwatar, ladan na Saude ne. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, don maganar ta yi min daɗi, ta kuma sauke min nauyi. Daga ranar makunnin injin ya zama kamar abin tsoro, kowa na gudun a ce shi ne ɗan da ya yanke wa uwarsa sadaka. Maƙwabta masu hali su ma suka bi sahu, wannan ya haƙa, wancan ya haƙa ya fi shi zurfi, rufin layin duk ya yi baƙi da faranti.

A watan jiya na dawo daga kasuwa da rana tsaka, zafin nan da ke sa kwalta ta yi laushi. Ina sauka daga adaidaita na hango wata tsohuwa a layin famfo, ta dogara da sanda, bokitin fenti a gabanta, tana jiran wani saurayi ya gama wanke tayoyin kekensa. Sai da na matso na gane ta.

"Mama! Me kike yi a nan?"

"Abin da kowa ke yi, 'yata."

"Ina rijiyarki?"

Ta yi 'yar dariya. "Rijiya ta yi ritaya, kamar mai ita."

Na ƙwace tiyon daga hannun saurayin, na faɗa masa abin da ba zan rubuta a jarida ba, na cika bokitin na ɗauka muka shiga gidanta. Rabona da cikin gidan nan har na manta. Da muka gyara namu mun ɗaga katangar, an toshe wurin da ya rufta, an jera fasassun kwalabe a sama. Gaisuwarmu ta koma ta bakin titi, ina sauri tana sauri.

Bayan ɗakinta da can lambu ne. Alayyahu, ganyen ugu, yakuwa, gwanda biyu, da su take miya, ragowar ta ba matan cocinsu su kai kasuwa. Abin da na tarar kara ne a tsaye da ƙasa a tsattsage. Na ɗaga murfin rijiyar na leƙa, na jefa ɗan dutse, na ji ya faɗi tim a kan busasshiyar ƙasa. Ta ce tun bazarar bara ta ƙafe. Da damina ta ɗan farfaɗo, sanyi bai gama fita ba ta sake tafiya. 'Yan ga-ruwa take saya idan fansho ya shigo, idan bai shigo ba ta ɗauki bokiti, ga gwiwa ba lafiya.

"Me ya sa ba ki faɗa mana ba, Mama?"

"In ce me? Ku daina yi wa Saude sadaka?" Ta zauna a kan turmi tana haki. "Ai ina jin ruwanku ta bayan katanga, shaaa, wuni guda. Shi ke sa ni barcin rana."

Ba da gatse ta faɗa ba, wallahi. Da gatsen ne da na samu abin mayarwa.

Sai ta gaya min sauran. Ɗanta Bitrus da ke Kafanchan ya matsa ta tattara ta koma wurinsa, ya ce ba zai zuba ido uwarsa na bin layin famfo da sanda ba. Har an samu mai son gidan, zai rushe ya yi shaguna da ɗakunan haya, ya haƙa tasa burtsatsen. Ita kuma ba ta son tafiya. A Kano aka binne maigidanta, a nan ɗalibanta suke, manya da gemu suna tsayawa a titi su durƙusa mata. Ta roƙi Bitrus ya bari damina ta wuce. Idan rijiyar ta dawo ta riƙe ruwa, za ta zauna. Idan ba ta dawo ba, ya zo da mota. Na ga jaka guda a ɗaure a kusurwar falo, ta ce kwanukan da ba ta amfani da su ne, ta fara rage aiki.

Ni ba masaniyar ƙarƙashin ƙasa ba ce, sakandare na gama na kama keken ɗinki. Ba zan rantse cewa burtsatsenmu kaɗai ya shanye rijiyar Mama Rahila ba. Ramuka sun yi yawa a layin, gari ya cika, kowa ya shafe gidansa da siminti. Amma mai gyaran injin da muka kira ya ce ruwan ƙasa ya ja baya a duk unguwar, shi ya sa namu ma yake tari da iska idan la'asar ta yi. Shawararsa a ƙara zurfi. Yaya ya ce to. Wato mu bi ruwan can ƙasa mu kamo shi, mu ci gaba da zuba shi a kwata, wanda ba shi da kuɗin bin sa kuma ya sayar da gida.

Ranar da na leƙa rijiyar Mama Rahila na sami Yaya a wurin wankin motarsa, yaransa na feshin wata jif, kumfa har titi.

"Yaya, rijiyar Mama Rahila ta ƙafe, za ta bar unguwa."

"Subhanallahi. To a ja mata tiyo mana ta kan katanga, mene ne a ciki?"

"Za a ja. Amma injin nan daga yau za a riƙa kashe shi."

"Kin dawo da maganar nan? Ladan Inna fa?"

"Kwata ce ke karɓar sadakar? Yaya, tsakaninka da Allah, da Inna za ta leƙo ta ga bangon nan, kai za ka tsaya ko gudu za ka yi?"

Ya ce ni yarinya ce, ba ni da iyali, ban san abin da ake ciyar da gida da shi ba. A nan yana da gaskiya, wankin motar ne ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa, ni ma na ci daga ciki. Amma na riga na hau, ban iya sauka ba. Na kira mai gyara ya sa sabon abin tsayar da injin, na sayo kwaɗo na datse akwatin makunnin, na rataya makullin a wuyana. Ana buɗe famfon waje da safe, a sake buɗewa bayan la'asar. Mai jarka da bokiti ya ɗiba iya buƙatarsa. Mai tiyo ya nemi wani wurin. Yaran Yaya yanzu da bokiti suke wanki daga duro, motocin sun ragu, shi kuma gaisuwata kawai yake amsawa, a taƙaice. Gwaggo ta aiko a gaya min in ji tsoron Allah. Maganar ƙara zurfi tana nan, ban ci ba, ban faɗi ba.

Tiyon na ja shi da kaina ta kan kwalaben nan, har na yanke a hannu. Mama Rahila ta yi godiya, ta sa min albarka, sannan ta ce, "Amma Bilkisu, tiyo na mai shi ne. Yau kina nan, gobe kin yi aure. Ni rijiyata nake jira."

Tun daga nan nake ta juya abin a raina idan ina kan keke. Shekara da shekaru muna zagin fetur, muna cewa shi ne matsalarmu, kuma lallai ya cuce mu, ya cinye mana aljihu da huhu. Ashe tsadarsa ce ke riƙe mana hannu. Ba tarbiyya ce ta sa muke kashe inji ba, kuɗin mai ne. Da aka ɗauke mana shi sai halinmu ya fito fili. Ku zaga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da rana ku gani: ƙwan fitila a kunne a ƙofar gida da azahar, fanka na juyawa a ɗakin da ba kowa, tankuna na kuka ta baya. Idan ka yi magana a ce ai rana ce, kyauta ce. Ranar kyauta ce, na yarda. Ruwan da take jawowa fa? Shi ba daga sama yake zubowa kullum ba, daga ƙarƙashin gidan maƙwabcinka yake fitowa. Inna ba ta taɓa jin ana maganar sauyin makamashi a rediyo ta tsaya sauraro ba, amma ita ko da kuɗi ko ba kuɗi hannunta ɗaya ne. Mu da muka rubuta sunanta a allo, mun ɗauki matar da ba ta yarda ruwan alwalarta ya zube a banza ba, muka yi shekaru muna ambaliya da sunanta. Wannan ne ya hana ni kallon hoton.

Rijiyar Mama Rahila har yau ba ta ce komai ba. Kullum kafin in tafi kasuwa nakan shiga in zura guga, ya dawo a bushe, Mama ta ce, "Gobe ma rana ce, je ki kar ki makara." Hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Jakar nan tana nan a kusurwa, amma ba a ƙara ta biyu ba, kullum sai na duba. Na fasa tayil ɗin da ke kusa da madafa, na dasa ɗan lemun tsami inda inuwarsa ba za ta kai rufi ba, na kuma nemo butar Inna a cikin tarkacen sito. Ƙarama ce ƙwarai. Ranar farko ruwan ya ƙare min kafin in kai ƙafa.

Na daɗe ina ɗauka abin da ya rage na Inna a duniya shi ne allon nan da famfon da ke ƙarƙashinsa. Shekaranjiya da hantsi na fito na murɗe famfon, na datse kwaɗon, wasu yara da suka zo wasan ruwa suka watse suna gunaguni. Na juya zan shiga gida sai na ji ɗaya daga bayan kwata, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da Inna ta rasu, ya ɗaga murya.

"Anti A-kashe!"

Sauran suka fashe da dariya suka ruga. Ban san wa ya koya musu ba. Na tsaya da makullin a hannu. Sai na amsa sunan.

Allah ya jiƙan Inna, ya kai mata ladan abin da aka sha, ya yafe mana abin da muka zubar. Ya kuma dawo wa Mama Rahila da ruwanta kafin motar Bitrus ta iso.